Yadda ake raba wa masu tikitin kaka kujeru idan okestira ta koma sabon zaure

Tambayar ita ce: ƙungiyar okestira, wato babbar ƙungiyar makaɗa, za ta tashi daga zauren da ta daɗe tana wasa a ciki, ta koma sabon gini. Tana da dubban masu tikitin kaka, wato waɗanda ke biyan kuɗin jerin wasanni a dunƙule tun kafin kaka ta fara, kowa da kujerar da ya saba da ita, wasu sun shekara talatin a wuri guda. Ta yaya za a raba musu kujeru a sabon wurin ba tare da ɓacin rai ya kori rabinsu ba?

Ku fara cire rai daga samar wa kowa kwatankwacin kujerarsa ta da, domin babu ita. Abin da ke hannunku, wanda za ku iya rabawa da adalci, shi ne layi: wa zai fara zaɓa, wa ke bi masa. Ku rubuta ƙa'idar layin, ku buga ta, ku aika wa kowa matsayinsa tun kafin wani ya ga taswirar kujeru. Sauran aikin ƙidaya ce da gyaran rajista, kuma a nan ne aka fi faɗuwa.

Dalilin da ya sa babu kwatankwaci yana cikin siffar ginin. Tsofaffin zauruka da yawa dogaye ne masu kusurwa huɗu, irin waɗanda masu harkar ke kwatantawa da akwatin takalmi, kamar zauren Musikverein na birnin Biyana a Ostiriya da aka buɗe a 1870 da zauren Boston na 1900. Wasu kuma asalinsu gidajen wasan kwaikwayo ne masu siffar kofaton doki. A duka biyun kusan kowa dandamali yake fuskanta. Sababbin zauruka da dama sun bi tsarin da mai zanen gini Hans Scharoun ya fito da shi a zauren Philharmonie na birnin Balin a Jamus a 1963: dandamali ya matso tsakiya, kujeru sun kewaye shi rukuni-rukuni, hawa-hawa, kamar gonar inabi a jikin tudu. Wanda ya saba da sahu na goma a tsakiya ba shi da takwara a irin wannan gini. Ƙari a kan haka, sabon zaure sau da yawa ya fi tsohon ƙanƙanta, saboda masu tsara sauti sun fi son mutane su matso kusa da makaɗa. Okestirar Los Angeles ta bar zaure mai kujeru kusan 3,200 ta koma Walt Disney Concert Hall mai 2,265 a 2003. Ta Montreal ta bar mai kusan 3,000 ta koma mai 2,100 a 2011. A New York ma, da aka sake fasalin David Geffen Hall aka buɗe shi a 2022, kujerun sun ragu daga 2,738 zuwa 2,200, aka kuma turo dandamali gaba da ƙafa 25. Can ba a sauya gini ba, amma duk da haka tsohuwar taswira ta tashi aiki.

Aikin farko ƙidayar abin da za ku iya sayarwa ne, kuma adadin da mai zanen gini ya ba ku bai amsa wannan ba. A ɗauka, don misali, sabon zauren kujera 2,200 ne. Cire 200 na bayan dandamali waɗanda mawaƙa ke zama a kai duk daren da kiɗan ke buƙatar rundunar mawaƙa; ba za ku sayar da su a tikitin kaka ba sai da sharaɗin cewa wasu dararen za a ɗaga mai kujerar. Cire 36 na masu keken guragu da masu raka su. Cire 40 na gida: baƙin jagoran makaɗa, 'yan jarida, iyalan baƙon mawaƙi, da 'yan kaɗan da ake ajiyewa don gyara ɓarna idan an yi kuskure a daren wasa. Cire 60 da ginshiƙi ko ƙarfen baranda ke tare musu gani. Cire 50 na sahu biyun farko, waɗanda ake kwancewa idan an faɗaɗa dandamali don babban kiɗa. Cire 14 na wurin kyamara da na'urar ɗaukar sauti. Saura 1,800. Daga nan sai ku ware na tikitin dare ɗaya, a ce 400, kuma kada ku tara su duka a can ƙuryar sama. Ku bar wasu a kowane sashe, har da mafi kyau, in ba haka ba wanda ya zo karon farko ba zai taɓa jin zauren yadda yake ba, kuma daga cikin irinsa ne masu tikitin kaka na gobe ke fitowa. Abin da ya rage 1,400 ne a kowane dare. Idan jerin daren Asabar na da kujeru 1,700 a hannun masu tikitin kaka a tsohon zaure, kun ga mutum 300 ba su da wuri tun kafin a fara maganar wa ya fi wa.

Wannan lissafi ana yin sa ne jeri-jeri, dare-dare, sashe-sashe. Jimilla na iya nuna kujeru sun wadata alhali daren Asabar ya cushe, na Alhamis kuma fayau. Maganinsa uku ne: a ƙara dare, a raba babban jeri gida biyu, ko a yi rangwame ga wanda ya yarda ya sauya dare. Ku yanke wannan da sashen tsara wasanni tun da wuri, domin ƙarin dare kuɗi ne da kwantiragin makaɗa, ofishin tikiti ba ya iya yanke shi shi kaɗai.

Wani gargaɗi kan taswira: kada ku ba kowa lambar kujera daga zanen takarda. Tsakanin zane da ranar da aka ɗaure kujeru da ƙusa, abubuwa na motsawa. Jami'an kashe gobara na iya cewa a faɗaɗa hanya, sai kujera ɗaya ta ɓace a ƙarshen sahu ashirin. Ana iya ƙara wa ƙarfen baranda tsayi, sai sahun farko na bene, wanda kowa ke rububinsa, ya zama wurin da gajeren mutum ke kallon makaɗa ta tsakanin sanduna. Idan dole ne ku sayar kafin a gama gini, ku yi alkawarin sashe da tazarar sahu, lambar ta biyo baya. Da an ɗaure kujeru, ku sa ma'aikata biyu, dogo da gajere, su zauna a kowace kujera, a tsayar da mutane a kan dandamali a wurin jagora da wurin sahun makaɗa na baya, a rubuta abin da ake gani. Aikin kwana biyu ko uku ne, kuma yana kashe ƙorafin wata shida.

Sai rajista. Kowace ƙa'idar layi a kan tarihin mutane take tsayawa, tarihin kuwa kusan kullum a birkice yake. An sauya manhajar tikiti sau biyu ko uku, kowane sauyi ya haɗiye wasu shekaru, har za ku tarar da ɗaruruwan asusu da suka "fara" a shekara guda, wadda ita ce shekarar da aka shigar da bayanai a kwamfuta. Mace ta yi aure ta sauya suna, ta zama mutum biyu. Miji ya rasu, asusun na sunansa, matar da ta zauna kusa da shi shekara ashirin da biyar ta bayyana a matsayin sabuwar shiga. Ma'aurata sun rabu, kowa na cewa shekarun nasa ne. Ga kuma asusu guda mai kujeru huɗu da gidaje uku ke rabawa tsakaninsu, ofis bai san da biyun ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sai an rubuta masa hukunci kafin a san sunan wanda zai shafa. Abin da ya fi zama lafiya: wanda mijinta ko matarsa ta rasu ya gaji shekarun duka; waɗanda suka rabu kowa ya riƙe shekarun, a raba kujerun; 'ya'ya su gaji kujerar da wani kaso na shekarun ko kuma su fara sabon lissafi, ku zaɓi ɗaya ku tsaya a kai; masu tarayya a asusu a ba su dama guda su bayyana kansu da shaida. Hutun kaka ɗaya ko biyu saboda jinya ko tafiya kada ya share tarihin mutum, a dai cire shekarun da bai biya ba. Kakar 2020 zuwa 2021, lokacin da annobar korona ta rufe zauruka, kada a lissafa ta a matsayin yankewa ga kowa.

Ku duba kuma abin da aka taɓa yi wa mutane alkawari a rubuce. Galibi tikitin kaka haƙƙin sabuntawa ne kawai, a zauren da ake ciki. Amma akwai wuraren da abin ya wuce haka: a Royal Albert Hall na Landan, waɗanda suka ba da kuɗin gini kafin buɗe shi a 1871 sun sami kujeru na shekara 999, har yau kuma kujeru sama da dubu na hannun masu su. Naku ba zai kai nan ba, sai dai tsohuwar wasiƙar da wani shugaba ya rubuta wa mai gudummawa cewa kujerarsa tasa ce muddin rai tana iya fitowa daga aljihun tebur a makon da ba ku so. Gara lauya ya gan ta tun yanzu.

Yanzu ƙa'idar maki. Abubuwa uku ake aunawa kusan ko'ina: daɗewa, yawan wasannin da mutum ke saye a kaka, da gudummawar da yake bayarwa bayan kuɗin tikiti. Rigimar duk a kan nauyin na ukun take. Sashen neman gudummawa zai so kuɗi ya yi magana da ƙarfi, kuma yana da hujja, domin da kuɗin waɗannan mutane aka yi ginin. Ofishin tikiti zai ce kowa ya riga ka kwana zai riga ka tashi. Mafita ita ce a sa wa kowane ma'auni rufi. Misali, maki 100: maki 2 a kowace shekara har zuwa 60, maki 1 a kowane wasa da ke cikin tikitin mutum, a ɗauki matsakaicin kakanni uku na baya, har zuwa 20, gudummawa mataki-mataki har zuwa 20. Da wannan, dattijuwar da ta shekara 28 tana sayen wasanni 8 tana kuma ba da ɗan abin da ya sawwaƙa za ta tashi da 56 da 8 da 2, wato 66. Attajirin da ya shigo shekara 3 da suka wuce, mai wasanni 18 da gudummawa mafi girma, zai tashi da 6 da 18 da 20, wato 44. Cire rufin gudummawa, sai ya tsallake ta da mutum dubu irinta.

To ina za a kai manyan masu gudummawar gini? A ware musu rumbu nasu daban, ƙarami, mai adadi sananne, a faɗe shi a fili: kujeru kaza an keɓe su ga waɗanda suka ba da kaza ga asusun gini, kuma su ne za su fara zaɓa. Mutane na iya haɗiye wannan idan an gaya musu tun farko. Abin da ba sa yafewa shi ne a ce musu layi guda ne, sannan ranar buɗewa su ga shafaffu da mai a tsakiyar sahun da aka ce musu ya cika. Ko a cikin rumbun, kada a bar su su cinye sashe ɗaya ƙaf. A sa iyaka, a ce kada su wuce kashi ɗaya cikin uku na kowane sashe.

Ranar rufe lissafi ta zama ranar da ta riga sanarwa, ko aƙalla a ɗauki matsakaicin shekaru da yawa. In ba haka ba, a kaka ta ƙarshe a tsohon zaure za ku ga mutane sun ninka tikitinsu don su tara maki, su zubar da shi bayan sun sami kujera. Waɗanda makinsu ya zo ɗaya a raba su da ƙuri'a, a yi ta sau ɗaya, a gaban shaidu, a ajiye sakamakon. Kada a bi haruffan suna, kada kuma a bi wanda ya riga maido da takarda, domin wannan yana hukunta wanda ke asibiti ko wanda wasiƙarsa ta makara.

Idan an gama lissafi, kowa a aika masa nasa shi kaɗai: ga shekarunka, ga wasanninka, ga matakin gudummawarka, ga makinka, ga rukunin da ka faɗa. A ba shi kwana 30 ya kawo gyara da shaida, ko tsohon tikiti ne ko rasit. Makin wani ba ya zuwa hannun wani, musamman tunda akwai kuɗin gudummawa a ciki. Ƙorafin da ofis ya kasa warwarewa ya tafi ga kwamitin mutum uku, a sa aƙalla ɗaya wanda ba ma'aikaci ba.

Akwai abin da takardar maki ba ta nunawa, kuma shi ne ya fi sa mutane barin tikiti: maƙwabta. Mutum ya shekara goma sha biyar yana gaisawa da mutanen da ke gefensa, ya san wanda ke tari da wanda ke barci a kashi na biyu. Wasu sun fi son su rasa kyakkyawar kujera da su rasa waɗannan. Saboda haka ku ba da damar haɗa asusu su zaɓa tare, da sa hannun kowa. Makin rukuni fa? Idan kuka ɗauki mafi girma, kowane tsohon hannu zai wayi gari da abokai takwas. Idan kuka ɗauki mafi ƙanƙanta, kun hukunta zumunci. Matsakaici bisa yawan kujeru shi ne daidai: mai maki 70 da kujera biyu ya haɗu da mai maki 40 da kujera biyu, su zaɓa a matsayin 55. A tsayar da girman rukuni a kujera shida ko takwas, domin samun kujeru goma a jere a sashe mai kyau yana wuya bayan kwanakin farko.

Hanyar rabon kanta ta zama mai sauƙin bayani: na ɗaya a layi ya ɗauki abin da ya fi so cikin abin da ke akwai, na biyu ya ɗauka cikin abin da ya rage, haka har ƙarshe. Kyawunta shi ne ƙarya ba ta amfanar kowa. Abin da ya fi maka shi ne ka faɗi ainihin abin da kake so. Akwai wata hanya da ke da daɗin ji amma tarko ce: a fara biya wa kowa zaɓinsa na farko, sannan a dawo kan na biyu. A wannan tsari, mai maki da yawa da ya nemi sashen da ya cika zai juyo ya tarar da zaɓinsa na biyu ya tafi hannun waɗanda ke bayansa, don su sun rubuta shi a na farko. Sai mutane su koma caca da takarda, mai wayo ya ci, mai gaskiya ya faɗi. Hukumar makarantun Boston ta yi amfani da irin wannan tsari wajen raba wa yara gurabe, ta bar shi a 2005 saboda wannan aibin.

Waɗanda ke da jeri biyu ko uku kuma suke son kujera guda a dukkan dararen, a bar su su ɗauka a lokaci ɗaya idan layinsu ya zo, muddin kujerar na nan a duka. Raba su dare-dare yana haifar da mutum mai kujeru uku a kusurwa uku.

Ko ofis ne zai zaɓa wa mutum daga takarda, ko shi zai zo ya zaɓa da kansa a lokacin da aka ba shi? Na biyun ya fi tsada, ya kuma fi kyau nesa ba kusa ba, domin wanda ya nuna kujera da yatsansa ba ya yawan cewa an cuce shi. Ku lissafa lokacin da gaske. Minti goma ga kowane asusu, tebur shida, awa bakwai a rana, asusu 252 ke nan a yini. Asusu 6,000 za su ci kwanakin aiki 24, ban da ranar da manhaja ta tsaya. Ana iya rage wannan da zaɓe ta intanet, a buɗe wa kowane rukuni taga a sa'arsa, amma a bar waya da tebur ga waɗanda ba su saba ba, waɗanda galibi su ne mafiya daɗewa, wato na gaban layi. Taswirar dole ta zama guda, mai sabunta kanta nan take, in ba haka ba tebur biyu za su sayar da kujera ɗaya. Kowa ya cike takardar zaɓi tun kafin ranar, ya kuma iya naɗa wakili, don idan bai zo ba ma'aikaci ya zaɓa masa a daidai lokacinsa, layi ya ci gaba.

Takardar zaɓin kada ta tambayi lambar kujera. Ta tambayi abin da mutum ke nema, ya jera su bisa muhimmanci: bakin hanya ko tsakiya, matakala nawa zai iya hawa, ko tsayi na sa shi jiri, kusa da ƙofa ko kusa da makaɗa, gani ya fi so ko ji, da iyakar kuɗin da zai iya biya. Ma'aikatan da ke zaune a tebur kuma su san zauren da kunnensu. Mai son ganin yatsun mai kaɗa fiyano hagu zai zauna, don a can maɓallan suke fuskanta. Sahun farko-farko ƙafafun makaɗa ake gani, gogen da ke kusa ya danne sauran. Ƙarƙashin baranda mai zurfi sauti na dushewa. Ƙa'idar da masanin sauti Leo Beranek ya bayar ita ce kada zurfin ya wuce tsayin bakin, don haka sahun baya na irin wannan wuri a faɗa wa mutum gaskiyarsa. Kujerun bayan dandamali su ne suka fi raba kan mutane. Ana kallon fuskar jagora da hannunsa kamar kana cikin makaɗa, kuma da yawa suna da araha. Amma ganguna da ƙahoni na kusa da kai, mawaƙi kuma ya juya maka baya, muryarsa na tafiya gaba. A Janairun 2019, a Elbphilharmonie na Hamburg, wasu da ke zaune a wannan ɓangare sun yi ƙorafi ana tsakiyar wasa cewa ba sa jin mawaƙin, Jonas Kaufmann. Wanda jerinsa ke cike da waƙa ya san da haka kafin ya biya. Kuma zauruka masu hawa-hawa suna da matakala da yawa, wasu masu tsayi. A rubuta a jikin taswira adadin matakala daga na'urar hawa bene zuwa kowane sahu, da nisan bayan gida.

Idan ginin ya kai a shiga, ku shigo da mutane rukuni-rukuni lokacin atisayen gwada sauti, su zauna nan, su tashi su zauna can. Gani ya kori ji, a nan kuwa har jin ma za su samu.

Masu buƙata ta musamman ba sa shiga wannan layi. Nasu ake fara yi, a cikin kujerun da aka tanadar musu. Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka, ƙa'idojin 2010 na dokar kare haƙƙin masu naƙasa sun ce zaure mai kujeru 501 zuwa 5,000 ya tanadi wuraren keken guragu 6, da ƙarin 1 a kan kowace kujera 150 ko ɓangarenta bayan 500 na farko, kowanne da kujerar ɗan rakiya, kuma a warwatsa su, kada a tara su a kusurwa guda. A zaure mai 2,200 wurare 18 ke nan, daga nan 36 ɗin da ke lissafin sama ya fito. Wannan mafi ƙaranci ne. Masu tikitin kaka da yawa dattawa ne, kuma wanda ke hawa matakala ashirin bana ba lallai ya iya ba bayan shekara uku. Ku riƙe ƙarin kujerun bakin hanya marasa matakala a hannu.

Ƙaramin abu mai cin kuɗi shi ne marainiyar kujera. Yawancin mutane bibbiyu suke saye. Idan aka bar kowa ya zauna inda ya ga dama a sahu, za a ƙare da kujeru ɗai-ɗai a warwatse a sashe mafi tsada, masu wuyar sayarwa dare bayan dare. A sa wa manhaja doka: ba a barin kujera ɗaya tilo tsakanin rukuni biyu ko a ƙarshen sahu, sai in babu makawa, masu tikiti ɗaya da masu uku a nuna musu sahun da adadinsa mara ne. Lambobi ma a yi bayaninsu a wasiƙa. A wasu zauruka mara na gefe guda, cika na ɗaya gefen, sai ma'aurata su ga 11 da 13 su ɗauka an raba su. Wasu kuma suna tsallake harafin I da O don kada a rikita su da 1 da 0, sai mai sahun P ya zaci ya fi nisa fiye da yadda yake.

Farashi kuwa a fitar da shi tare da taswira, kafin zaɓe. Mutum zai iya jure sauyin wuri, zai iya jure ƙarin kuɗi, amma idan aka haɗa masa biyun a wasiƙa ɗaya bayan ya riga ya zaɓa, sai ya ajiye tikitin. Ku tabbata a kowane dare akwai isassun kujeru a kusa da farashin da mutane ke biya a da, in ya so ƙarin ya shigo a hankali cikin kaka biyu ko uku ga tsofaffin masu tikiti. Sababbin da ɗokin sabon gini zai kwaso, za su zo da yawa, a rubuta su a jerin jira, su zaɓa bayan na ƙarshe a tsofaffi. Ku rubuta a sharaɗi cewa za a iya sake fasalin sassan farashi bayan kaka ta farko, domin sai an ji zauren cike da mutane ake sanin inda sauti ya fi daɗi, kuma sau da yawa ba inda aka sa kuɗi mafi yawa ba ne.

Game da lokaci, wata 18 kafin buɗewa a fara gyaran rajista, wata 14 a buga ƙa'ida a aika maki, wata 12 takardar zaɓi da farashi, wata 9 zuwa 7 zaɓe, wata 3 tabbatar da lamba bayan an zauna a kujerun.

Rabon farko ba ya zama daidai, don haka ku riƙe kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari na kujerun kowane sashe ba ku ba kowa ba. Bayan wasanni uku ko huɗu, ku buɗe tagar gyara ga waɗanda matsalarsu ta jiki ce ko ta gani: gwiwa ta kasa matakala, ƙarfe ya tare dandamali. Masu son sauyi don dandano su jira ƙarshen kaka, lokacin da waɗanda ba su sabunta ba suka saki nasu. A wannan zagaye kada wanda ya nemi sauyi ya rasa kujerarsa sai ya sami wadda ya fi so, in ba haka ba tsoro zai hana kowa motsi. Kuma kada ku tsaya a musayar mutum biyu. Sau da yawa na bene yana son ta ƙasa, na ƙasa yana son ta gefe, na gefe yana son ta bene. Babu biyun da za su iya musaya, amma ukun tare kowa ya samu. Hanyar gano irin wannan zobe sananniya ce, masana lissafi da tattalin arziki Lloyd Shapley da Herbert Scarf sun bayyana ta a 1974 suna danganta ta ga David Gale: kowa ya nuna kujerar da ya fi so cikin waɗanda ke kasuwa, a bi nunin har ya zagayo inda ya faro, a yi wa waɗanda ke cikin zoben musaya a fitar da su, a sake da sauran. Kujerun da babu mai su, a ɗauka suna nuna wanda ya fi maki cikin masu jira. Abin da ya rage daga ajiyar bayan wannan zagaye sai a sake shi ga jerin jira kafin a buɗe sayar da tikitin kaka ta biyu.